Ƙarƙashin Kibiyar Taswira

Akwai wani irin ƙagaggen labari da Turawa suka yi ta rubutawa a shekarun 1970 da 1980, wanda duk jigonsa ɗaya ne: yaƙin da ba a yi ba. Marubucin zai zauna ya ce, to, a ce gobe da asuba Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sun afka wa Amurka da nata ƙawayen a tsakiyar Jamus, yaya za ta kaya? Wa zai ci makon farko? Tankokin yaƙi nawa za su ƙone kafin a kai bakin kogin Rhin? Sai ya cika shafi ɗari biyar ko fiye yana ba da amsa. Sharaɗin wasan kuwa shi ne a yi yaƙin da tanka da jirgi da igwa, a ajiye makamin ƙare-dangi gefe, ko a taɓa shi kaɗan a ƙarshe. Dalili a fili yake: in aka fara jifa da nukiliya tun shafi na goma, babu sauran wanda za a ba da labarinsa.

Ga waɗanda darasin tarihi na lise ya fara kwance musu, bari in ɗan tuna mana. A 1949 aka kafa ƙawancen tsaro na OTAN, wanda gidajen rediyon Hausa ke ce wa NATO. A 1955 Sobiyet ta kafa nata, ƙawancen Warso. Jamus ta rabu biyu, Gabas da Yamma, aka gina katangar Balin a 1961. Shekara talatin da ɗoriya rundunonin nan biyu suna kallon kallo ta saman waya mai ƙaya, kowa da yatsa a kan kunamar bindiga. A watan Nuwamban 1989 katangar ta faɗi, a 1991 ƙawancen Warso ya watse, Sobiyet ɗin ma ta bi shi. Ba su taɓa gwabzawa a Turai ba. Yaƙin ya tsaya a cikin littattafai.

Wanda ya buɗe ƙofar sosai wani janar ne na Ingila, John Hackett, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu kuma ya taɓa jagorantar rundunar OTAN a arewacin Jamus. A 1978 ya fitar da littafi kan yaƙin duniya na uku, ya ajiye shi a watan Agustan 1985, ya rubuta shi kamar tarihin abin da ya riga ya faru. A cikinsa an yi kusan mako uku ana fafatawa, sannan Sobiyet ta jefa nukiliya a birnin Birmingham, aka rama a kan Minsk, daga nan daular ta rushe. Bai ɓoye manufarsa ba: so yake ƙasashen Yamma su tsorata su ƙara kuɗin soja. Bayansa Harold Coyle ya rubuta Team Yankee a 1987, labarin ƙaramar rundunar tankoki ta Amurka a cikin wannan yaƙi, sai Ralph Peters da Red Army a 1989, wanda ya ba da labarin ta idon sojojin Sobiyet. Amma wanda ya fi duka suna shi ne na Tom Clancy da Larry Bond na 1986, wanda aka fassara da Faransanci da sunan Tempête rouge. Shi ne ya faɗo hannuna.

A Damagaram na same shi, wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, tsakanin wani littafin lissafi na aji uku da ƙamus marar bango. Shekarata ta farko ke nan a jami'a. Na kai shi gida Sassumbrum lokacin babban hutu, ya zagaye fadarmu hannu zuwa hannu har bangonsa ya rabu da shi, muka ɗaure shi da roba. Wanda Faransancinsa bai kai ba, a ba shi labari da baki ana dafa shayi. Kafin a sha na uku an kai Moscou an dawo.

Labarin a taƙaice: wasu mahara sun ƙone wata babbar matatar mai a Siberiya. Shugabannin Sobiyet suka ga ƙasarsu za ta durƙushe don rashin mai, suka yanke shawarar ƙwace rijiyoyin man yankin Gulf. Amma kafin nan sai sun karya OTAN. Yaƙi ɗan zamba ne: suka tayar da bam a fadarsu ta Kremlin da kansu, yara suka mutu, suka ɗora wa Jamus ta Yamma. Daga nan tankoki suka kwararo. Suka kama tsibirin Islande da sojojin da suka ɓoye a cikin jirgin ruwan ƴan kasuwa, suka nutsar da babban jirgin ruwan Faransa mai suna Foch, suka ragargaza na Amurka mai suna Nimitz. A ƙarshe OTAN ta gano lagonsu, wato ƙarancin man, ta bi rumbunan mansu tana ƙonawa. Da shugabannin suka fara maganar nukiliya, sai wani janar nasu ya kifar da su, aka tsagaita wuta.

Wallahi littafin akwai daɗi, kuma har gobe ina faɗin haka. Daɗinsa irin na dara ne: ka ga an ajiye ɗa a nan, ka san abin da ake nufi da shi sai bayan taku huɗu. Kuma ba mamaki, don daga wasa aka haife shi. Larry Bond shi ya ƙirƙiro wani wasan yaƙin teku mai suna Harpoon, da shi suka riƙa gwada wasu faɗace-faɗacen kafin su rubuta su. Mai karatu yana zaune ne a sama, kamar shaho. Yana ɗakin janar, yana cikin jirgin ƙarƙashin teku, yana gaban taswirar da aka zana wa manyan kibiyoyi ja da shuɗi. Kibiyar ja ta tsallaka kogi, shuɗiyar ta tare ta. Ka juya shafi.

Abin da ba ka cika gani ba shi ne abin da ke ƙarƙashin kibiyar. Faɗin kibiya ɗaya a irin wannan taswira ya kai ƙauye ashirin. A cikinsu akwai mai ciki wata tara, akwai tsohon da ba ya iya tashi, akwai wanda ya ci bashi ya sayi saniya jiya. A littafin, ana ambatonsu ne in sun cika hanya da motocinsu sun hana tankoki wucewa.

Akwai wani wuri a Jamus da ake kira mashigar Fulda, wani kwari tsakanin tsaunuka da masana yaƙi suka yi ittifaƙi cewa ta nan tankokin Sobiyet za su fi saurin kaiwa birnin Frankfurt. Sunan ya shahara a makarantun soja, har wasan allo aka yi da shi a Amurka a 1977. To amma Fulda gari ne mai mutane, kewaye da ƙauyuka da gonaki. A 1981 gidan talabijin na CBS na Amurka ya yi wani shiri kan yadda yaƙin zai kasance, ya nuna wani ƙaramin ƙauye a yankin mai suna Hattenbach a matsayin inda nukiliya za ta faɗa. Ka duba fa. Kana zaune a garinku, kana kiwon shanunka, ashe a wata ƙasa mai nisa an riga an sa wa rufin ɗakinka alama, ana koyar da darasi da shi.

Wannan labari na Hattenbach ya fi duk faɗace-faɗacen Clancy tsaya mini a rai, saboda mu ma an taɓa ɗora mana kibiya, kuma duk wanda ke karanta wannan ɗan littafi yana raye aka yi.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓe mulki a Yamai. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja, suka sa takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba da wa'adin mako guda, suka ce in ba a mayar da mulki ba za su iya amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Ranar 18 ga wata, bayan taron hafsoshi a Accra, aka ce har ranar shiga an tsayar. Mali da Burkina Faso kuwa tuni suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Ga ƙawance a nan, ga ƙawance a can. Ba maganar wa ke da gaskiya nake ba a nan, kowa da ra'ayinsa a fada kuma an sha musu a kai. Maganar inda muke zaune nake.

Ina gida a lokacin, hutu ne. Ba zan manta yadda wayoyinmu suka cika da taswirori ba. Kowane rukunin WhatsApp da janar ɗinsa. Wani ya zana kibiya daga Sakkwato zuwa Ƙwanni, wata daga Katsina zuwa Maraɗi, wata daga Kano ta haura Damagaram. A fada aka koma lissafi: Najeriya na da jirgi kaza, mu muna da kaza, Super Tucano yana tashi daga ina, minti nawa zai yi ya iso. Waɗanda suka karanta Tempête rouge su suka fi kowa baki, ana cewa a bari masana su yi magana. Da aka miƙo mini wayar na buɗe taswirar da yatsa biyu, na bi kibiyar Kano ɗin a hankali. Ba a rubuta sunan garinmu ba, don mai zanen bai san da shi ba. Amma jan launin ya rufe mu ruf, mu da Magaria da Dungas, har da gonar da muka yi wa noman biyu a makon.

A gidanmu lissafin wani iri ne daban. Yayana yana cikin sojan Nijar. Gwaggona, ƙanwar babanmu, tana aure a ƙasar Daura tun kafin a haife ni, kuma ɗanta na biyu sojan Najeriya ne. Taubashina ke nan, wanda in ya zo ba ya barin hulata a kaina. Tare aka yi musu kaciya da yayana, a tsakar gidan nan. Wata rana da dare kakarmu ta ji muna ta ambaton jirage a ƙofar gida, ta aiko a kira ni.

Ta ce, “Kai maigida, zo nan. Ku da kuka yi lakkwal, gaya mini. In an ce su harba, wa zai harbi wa?”

Na ce, “Iya, ai ba za a kai can ba, in sha Allahu.”

Ta ce, “Ban tambaye ka ko za a kai ba. Cewa na yi wa zai harbi wa. Duka biyun ni na yi musu wankan jego.”

Na yi shiru. Shafi ɗari bakwai na karanta na yaƙi, babu inda aka yi wannan tambayar.

Allah ya kiyaye, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kuma ya kamata mu riƙe sunayen waɗanda suka tsaya, don littattafan yaƙi ba su cika ba irinsu fili ba. Ranar 5 ga Agusta majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, sanatocin arewa na kan gaba. Ranar 9 ga wata Sarkin Kano na 14, Muhammadu Sanusi, ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram suka gana da Janar Tiani. Bayan kwana uku tawagar malaman addini daga Najeriya ta bi sahu. A masallatai, nan da can, aka yi ta alƙunutu.

Amma yaƙin da ba a yi ba ma yana da nasa mamatan da nasa masu rauni, sai dai ba a ƙirga su. Ku tuna wane wata ne Agusta a wajenmu. Tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro yana kan ganiyarsa. Daidai lokacin da talaka ke sayar da akuya ya sayi hatsi. To ina za a kai akuyar? Mu kasuwanninmu na dabbobi su ne Maigatari da Mai'aduwa, kuɗin aljihunmu rabi naira ne rabi sefa. Aka rufe hanyar Tinkim, manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa. Tiyar masara da ta shinkafa suka tashi. Magani ya yi wuya. Wanda ya saba kai mahaifiyarsa asibiti Kano ko Katsina sai ya ɗora ta a babur a bi ta cikin gonaki da dare, a biya ninki. Ƴan kabu-kabu da ƴan ruwa-ruwa suka koma bin ɓarauniyar hanya, wasu suka samu, wasu suka rasa babur ɗin gaba ɗaya. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar kuma ba ta buɗe ta ɓangarorin biyu ba sai a watan Maris. Wata bakwai da ɗoriya. Babu taswirar WhatsApp ɗin da ta nuna wannan.

Da nake ba babanmu labarin littafin Janar Hackett, na ce masa an ajiye yaƙin a Agustan 1985, sai ya yi wata irin dariya. Ya ce, “Tamanin da biyar? Ai mu a lokacin muna cikin namu.” Damina ta 1984 ba ta yi ba. A watan Afrilun wannan shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Fari ya haɗu da rufe iyaka, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran wannan yunwa El Buhari. Ya ce an ci dusa, an ci ganyen da ko akuya sai ta yi shawara, garuruwa sun watse, wasu da suka tafi ci-rani ba su dawo ba har yau. Wato a daidai watan da masu karatu a Landan da Paris ke jin daɗin tsoron yaƙin da ba zai zo ba, iyayenmu suna haƙa gidan tururuwa neman tsaba. Nasu na ƙarya ya sami littattafai, an sayar da miliyoyi. Namu na gaske yana bakin tsofaffi, kuma kullum ana binne su da shi.

Kada kuma a ɗauka wancan kallon kallo na Turai bai ci rai ba. Ya ci, a wani wuri ne dai. Manyan ba su taɓa juna a Fulda ba, amma makamansu sun yi aiki a Angola shekara da shekaru, sun yi a Ogaden tsakanin Habasha da Somaliya a 1977 da 1978. Nan maƙwabtanmu Cadi, a 1987, tankokin da Sobiyet ta ƙera wa irin wancan yaƙi na Turai su Libiya ta jibge a Wadi Dum, sojojin Cadi suka tarwatsa su da motocin Toyota da makaman Faransa. Kafin wannan duka, yaƙe-yaƙen duniya biyu da aka yi da gaske a Turai sun zo har ƙauyukanmu sun ɗebi samari. Kakarmu tana ba da labarin wani kawunta da aka kama sojan Faransa, ya dawo ba ya son a tambaye shi komai, abu ɗaya kawai yake faɗa, wai akwai ƙasar da sanyi ke cinye yatsun mutum.

Ita kanta iyakar da ta raba yayana da taubashina, a kan tebur aka zana ta. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, saboda Faransawa na son hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram har tafkin Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi tana kafa alamomi. Ba wanda ya tambayi mai gonar da layin ya ratsa. Mun daɗe a ƙarƙashin alƙalamin wasu.

Sannan ga abin da ya faru da yaƙin tankoki ya dawo Turai da gaske, ranar 24 ga Fabrairun 2022, da Rasha ta shiga Ukraine. A littafi mako uku ne ko wata guda, a tsagaita wuta, janar biyu su gaisa. A zahiri shekaru aka shiga, samari na kwana a ramuka cikin laka, ƙananan jirage marasa matuƙa na farautarsu ɗaya-ɗaya, birane sun zama kufai. Mu kuma da ba mu san hanyar Kiev ba, muka gan shi a kuɗin buhun takin zamani da na fulawa, burodi ya ƙanƙance a hannun mai shayi. Ko an zana kibiyar a wata nahiya, inuwarta tana isowa.

Shi ya sa nake jin wani iri in na ga yadda muke maganar manyan ƙasashe a fada yanzu, kamar Barça da Real. Wannan na Rasha ne, wancan na Amurka, a yi ta musun wa ya fi makami mai linzami. Sojojin Faransa sun fice a Disambar 2023, na Amurka sun bar sansanin Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha sun iso a Afrilun wannan shekarar. Kowa na da damar ya so wanda yake so. Abin da nake roƙo kawai, duk lokacin da aka turo maka taswira mai kibiya, kafin ka tura wa wani, buɗe ta da yatsa biyu ka duba garin wa ke ƙasa.

To mu da muke kiran kanmu marubuta fa, me ya rage mana? Ni dai ban ce a daina karanta su Clancy ba. Cewa nake a karanta su da idon ɗan koyo, don akwai abin ɗauka. Mutumin nan bai taɓa yin soja ba, dillalin inshora ne, amma ya zauna ya koyi yadda jirgin ƙarƙashin teku ke jin motsin wani, da litar man da tanka ke sha, har manyan hafsoshi suka riƙa karanta shi. Bai yi ƙiwar bincike ba. Wannan naci nake so mu ara, mu juya shi ƙasa. In za ka rubuta labarin wata bakwai ɗin nan, ka san tiya nawa gida mai mutum goma ke ci a mako. Ka san abin da ɗan kabu-kabu ke biya a kowane shinge, da yadda ake canjin naira da sefa ranar kasuwa, da awa nawa allurar rigakafi ke yi in firji ya mutu. Ka san me ake shukawa a korama in gero ya ƙi. Waɗannan su ne tankokinmu da jiragenmu, kuma babu wani a Amurka da zai rubuta su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abokina a ƙungiyar nan ya ce mini, “Kai dai faɗi kake. Wa zai karanta labarin tsadar masara? Mutane harbi suke so.” Na ce masa to mu gwada. A ce wa'adin ya cika, an ba da oda. Ga malamar asibitin karkara, maganinta na kwana huɗu ne, an kawo mata yara biyu masu rauni da kaki iri biyu. Ga direban da aka ba kuɗi mai tsoka ya nuna wa ayarin soja hanyar da ta bi ta ƙofar gidan surukansa. Ga mai gari da aka ce ya kwashe mutanensa kafin asuba, gero kuma saura kwana ashirin ya nuna. Ga saja da ya ɗaga madubin hangen nesa ya gane tafiyar wanda ke tahowa, don tare suka yi kiwo. In wannan bai hana mai karatu barci ba, laifin alƙalaminmu ne. Kuma ba mu rasa magabata ba: André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya ɗauki tarihin Sarki Tanimun na Damagaram, mai igwogin nan, ya mayar da shi wasan kwaikwayo. Bai jira wani ya zo daga waje ya ba shi labarin garinsu ba.

Shawarata ga fitowa ta gaba: kowa in ya je hutu ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya tambaye su El Buhari, ya rubuta yadda suka faɗa, da kalmominsu. Sannan ya rubuta nasa na 2023 tun bai dushe ba, har da farashi, har da abin da aka ce a fada, har da wanda ya yi kuka. Kuɗin fotokwafi mu haɗa kamar yadda muka saba.

Da ƙaramar sallar 2024, makonni kaɗan bayan buɗe iyaka, gwaggo ta zo gida, taubashina ya rako ta, ya sami hutun kwana biyar. Yayana bai samu ba, ta waya suka gaisa, suna ta zagin juna kamar yadda suka saba. Yana shigowa ya fizge hulata ya ce, “Kai bawana, Allah ya cece ka. Da an ba mu oda, kai zan fara kamawa, in kai ka Daura ka yi wa tsohuwata noma shekara uku.” Na ce masa da ya iso, da yaran unguwarmu kaɗai sun ishe shi da gwafa. Tsakar gida ta kaure da dariya, har babanmu.

Kakarmu ba ta yi dariya ba. Ta kira shi ya durƙusa gabanta, ta kama kansa da hannu biyu tana shafawa, ta daɗe ba ta sake shi ba. Sannan ta ce a kawo masa fura.